Nguru da Gashuwa: Yadda alƙiblar ƙaura ta yi ta juyawa a bakin iyakar arewa

Wanda ya taɓa isa tashar jirgin ƙasa ta Nguru ya san a nan dogo ya ƙare. Layin da ya taso daga Kano, ya ratsa Ringim da Malam Madori da Birniwa, ya zo ya tsaya cak a 1930, bai ƙara taku ɗaya ba har yau. Gaba da shi sai yashin ƙasar Manga da iyakar Jamhuriyar Nijar. Ta gabas kuma hanyar mota ce ta miƙe zuwa Gashuwa, hedikwatar masarautar Bade, wadda ke zaune a bakin kogin Komadugu Yobe.

Dogon ya tsaya, mutane kuwa ba su taɓa tsayawa ba. Cikin shekara ɗari da ashirin da suka wuce, tafiyar jama'a ta wannan yanki ta sauya fuska aƙalla sau biyar: ta nufi gabas, ta juyo kudu, ta karkata zuwa Tafkin Cadi, ta haura arewa cikin Sahara, sannan ta kai matsayin da 'yan Najeriya ne da kansu suka tsallaka suna neman mafaka. Kowane juyi ya kwashi wasu, ya sauke wasu, ya bar garuruwan nan biyu da wata sabuwar kama.

Idan ana zancen ƙaura a ofisoshin Abuja, abu biyu ne ke fara zuwa rai. Na farko, likitoci da ma'aikatan jinya da ke sayen tikitin Landan da Toronto, abin da matasa ke kira japa. Na biyu, bakin haure da ke nitsewa a Tekun Bahar Rum. Duka biyun gaskiya ne, duka biyun kuma suna da ciwo, sai dai ƙaramin kaso ne na lamarin. Alƙaluman Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 sun nuna mutum miliyan 304 ne ke zaune a wajen ƙasar haihuwarsu, kusan ninki biyu na adadin 1990. A Afirka ta Yamma, mafi rinjayen masu barin ƙasarsu ba sa barin yankin. Maƙwabciyar ƙasa suke shiga, sau da yawa na wata huɗu ko biyar, su koma gida da faɗuwar damina. Irin wannan tafiya ce ta gina Nguru da Gashuwa, kuma ita ce yau ta shiga hali na rashin tabbas tun da Nijar ta fice daga ƙungiyar ECOWAS.

Kafin a ja layi

Tun ƙarni na 17 Nguru ce mazaunin Galadiman Borno, mai tsaron ƙofar yamma ta daular. Hanyar fatake daga Kano zuwa Kukawa ta nan yankin take bi. Bajamushen nan mai yawon bincike, Heinrich Barth, ya bi ta Gumel da Machina a 1851 a kan hanyarsa ta zuwa fadar Shehun Borno. Arewa da nan, a kwarurrukan ƙasar Manga da Muniyo, Mangawa na dafa gishirin mangul, suna kwasar kanwa, ayarin jakuna da takarkarai na sauko da su kasuwannin ƙasar Hausa, su koma da hatsi da tufafi. Aikin gishiri na rani ne, don haka tun a wancan zamani manomi ya saba barin gida bayan girbi ya je ya nemi abin sa wa a aljihu. Cin rani ya girmi Najeriya, ya girmi Nijar.

Da Ingila da Faransa suka zauna rabon ƙasa, sun yi ta ja-in-ja a kan wannan layi. Yarjejeniyar 1898 ba ta gamsar da Faransa ba, domin ba ta bar mata hanya mai rijiyoyi daga Kogin Kwara zuwa Tafkin Cadi ba. Aka sake zama a 1904 da 1906, sannan aka kafa turakun iyaka tsakanin 1906 da 1908. Sakamakon haka Machina ta faɗa hannun Ingila, Gure da Maine-Sorowa suka faɗa hannun Faransa. Mangawa suka wayi gari a ƙasa biyu, haka Fulani makiyaya, haka dangin da ke aurar da 'ya'yansu tsakanin ƙauyukan da tafiyar yini guda ta raba.

A wannan zango, doguwar tafiya gabas take nufa. Bayan yaƙin Burmi na Yulin 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi shahada, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja sauran jama'a zuwa Sudan, suka kafa garin da ake kira Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu. Bayansu alhazan ƙasa suka yi ta bi, ta Borno da Cadi da Darfur, a ƙafa ko a bisa jaki. Tafiyar kan ci shekaru, guzuri kan ƙare, sai mutum ya tsaya ya yi ƙwadago. Da aka buɗe gonakin auduga na Jazira a 1925, da yawa suka sami abin yi suka zauna, suka haifi 'ya'ya da jikoki waɗanda ba su taɓa ganin Komadugu ba. Zuriyarsu ce ake kira Takari ko Fallata. Jirgin sama da ya fara ɗaukar alhazai daga Kano a shekarun 1950 shi ya kashe wannan hanya sannu a hankali.

Jirgin ƙasa ya juyo da fuska kudu

Isowar dogo a 1930 ta mayar da Nguru bakin teku ga duk gabashin Nijar da arewacin Borno. Gyaɗa da ƙaro da fatu da ƙiraga da shanu da busasshen nama duk a nan ake loda su zuwa Kano da Legas. Kamfanonin Turawa da 'yan kasuwa Kwarori suka buɗe kantuna. Ma'aikatan reluwe da akawuna daga kudancin Najeriya suka zo da iyalansu. Dillalai da mahauta da 'yan koli daga Kano da Haɗeja da Katsina suka kafa unguwanni. Gashuwa ma ta ci moriyar wannan buɗi, har masarautar Bade ta tashi daga Gogaram ta koma can a 1946.

Ta ɗaya gefen iyakar kuwa, mulkin Faransa ya yi tsanani. Akwai haraji mai nauyi da ake so a biya da kuɗin Faransa, akwai ɗaukar soja, akwai aikin tilas wanda ba a soke shi ba sai a 1946. Duk wanda abin ya ishe shi, dare ɗaya ya ishe shi ya kwaso iyalinsa da awakinsa ya tsallako. Wasu ƙauyukan da ke wannan gefe a yau asalin kafuwarsu ke nan. Wasu kuma ba su tare ba, sai dai su zo da rani su yi dako a tasha ko ga-ruwa ko gadi, su sami sulallan biyan haraji su koma.

Wannan zamani ma ya zo ya wuce. Layin dogo ya isa Maiduguri a 1964, ya janye kaso mai tsoka na kayan Borno. Rikicin 1966 ya kwashe 'yan kudu da dama daga garuruwan arewa. Fari da cutar gyaɗa na tsakiyar shekarun 1970 suka rushe dalar gyaɗa, manyan motoci kuma suka ƙwace lodin da jirgi ke ɗauka. Amma mutanen da dogon ya jawo, akasarinsu sun riga sun zama 'yan gari.

Fari, madatsun ruwa da tafki

Abin da ke riƙe da rayuwa tsakanin Haɗeja da Nguru da Gashuwa shi ne dausayi. Kogin Haɗeja da na Jama'are kan cika su malala cikin fadamu, su bar ƙasa mai laima ta shinkafa da kayan lambu, da tafkuna masu kifi, da ciyawa ɗanya a lokacin da ko'ina ya bushe. Shi ya sa da fari ya afka wa Sahel daga 1972 zuwa 1974, ya kuma dawo a 1984, nan ne jama'a suka dosa. Buzaye da Fulani da suka rasa dabbobinsu suka gangaro daga Nijar, wasu suka yada zango a gefen dausayin, wasu suka zarce Kano da Legas suka zama masu gadi. Masanin labarin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya shafe shekaru yana bibiyar ƙauyen Dagaceri na ƙasar Manga, ya nuna a littafinsa na 1989 cewa tafiyar rani tana cikin manyan dabarun da talaka ya tsira da su daga yunwa. Gidan da ke da ɗa a birni ya fi wanda ba shi da kowa jure wa fari.

A daidai lokacin da ake ƙara dogaro da dausayin, sai ruwansa ya fara raguwa. An kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ta Challawa a 1992, duka a Jihar Kano. Ambaliyar da ke ciyar da fadamu ta ragu, ruwan da ake saki duk shekara kuma ya ba ciyawar kacalla damar toshe magudanai, ta cinye gonaki da wuraren su, ta zama maɓoyar jan-baki masu cinye hatsi. Masunta da manoman rani da dama suka tattara komatsansu suka bi kogin zuwa ƙarshensa, wato Tafkin Cadi.

Can ma abin mamaki ne ke faruwa. Tafkin da ya kai faɗin murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960 ya tsuke zuwa kusan kashi ɗaya cikin goma a tsakiyar shekarun 1980. Janyewar ruwan ta buɗe ƙasa mai albarka, jama'a suka yi ta bin bakin ruwa suna kafa tunga, ba tare da lura da inda iyakar wata ƙasa ta fara ba. Haka 'yan Najeriya suka cika Darak da ƙauyukan da ke kewaye da ita, har sai da Kotun Duniya ta yanke hukunci a ranar 10 ga Oktoban 2002 cewa yankin na Kamaru ne. Mutanen da suka yi zaton ƙaurar cikin gida suka yi, sai ga su baƙi a wata ƙasa ba tare da sun motsa daga ɗakunansu ba.

Ƙofa a buɗe, ƙofa a rufe

Arzikin man fetur na shekarun 1970 ya mayar da Najeriya wurin da kowa ke son zuwa. An kafa ECOWAS a Legas a 1975, aka kuma sa hannu kan yarjejeniyar walwalar zirga-zirga a 1979, wadda ta ba ɗan kowace ƙasa ta ƙungiyar damar shiga wata ya zauna kwana 90 ba tare da biza ba. Da farashin mai ya faɗi, sai murna ta koma ciki. A Janairun 1983 gwamnatin Shehu Shagari ta umarci baƙi marasa takardu su fice, kimanin mutum miliyan biyu suka bar ƙasar. An fi tunawa da 'yan Ghana, amma 'yan Nijar da Cadi masu yawa na cikinsu.

A Afrilun 1984 gwamnatin soja ta Janar Muhammadu Buhari ta canza launin kuɗi ta kuma rufe iyakokin ƙasa, ba a buɗe ba sai a Maris na 1986. Rufewar ta zo daidai da fari mafi muni, lokacin da gabashin Nijar ke dogaro da geron kasuwannin Najeriya. Har yau akwai yankunan Nijar da ke kiran yunwar wannan shekara da sunan El-Buhari. Hatsi bai daina tsallakawa ba, mutane ma ba su daina ba. Abin da ya ƙaru shi ne kuɗin hanya da tsadar mudu.

Akwai kuma wani ma'auni da ya fi kowane shingen kwastan ƙarfi, wato canjin naira da sefa. Ɗan ci-rani lissafi yake yi: abin da ya tara a Nguru ko Kano, nawa zai zama idan ya kai shi Gure? Lokacin da naira ke da daraja, tafiya kudu riba ce. Da ta fara zubewa daga 1986, ribar ta ragu. Karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994 ta ɗan dawo da armashin, faɗuwar naira tun daga Yunin 2023 kuma ta sake juya lissafin. Duk jami'in da ke son hasashen yawan masu shigowa baɗi, teburin ɗan canji a kasuwar kan iyaka zai fi ba shi haske a kan rahoton da ke cikin fayil.

Hanyar Sahara

Da Najeriya ta rage zaƙi, idanu suka koma arewa. Daga ƙarshen shekarun 1990 Mu'ammar Gaddafi ya buɗe wa 'yan Afirka ƙofar Libiya, inda ake neman leburorin gini da masu aikin gona da makiyaya. Matasan Damagaram da Difa, da na wannan gefen iyaka, suka kama hanyar Agadas da Dirku zuwa Sabha. Galibinsu ba Turai suka nufa ba. Shekara biyu ko uku suke so su yi, su dawo da kuɗin aure da na sayen shanun huɗa ko babur.

Faɗuwar Gaddafi a 2011 ta koro dubban ɗaruruwa gida hannu rabbana, ta kuma bar hanyar a hannun masu bindiga. A Oktoban 2013 an tsinci gawa 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, yawancinsu mata da yara daga yankin Kance na jihar Damagaram. A 2015, bisa matsin lambar Tarayyar Turai, Nijar ta kafa dokar hana safarar baƙi, wadda ta mayar da direbobin Agadas masu laifi ta kuma tura matafiya hanyoyin da babu rijiya. Rahoton CNN na Nuwamban 2017 kan gwanjon mutane a Libiya ya girgiza duniya, Gwamnatin Tarayya da hukumar IOM suka kwaso dubban 'yan Najeriya. Gwamnatin sojan Nijar ta soke dokar a Nuwamban 2023, ayarin motoci ya ci gaba da fita daga Agadas a fili.

Ranar da mai masauki ya zama baƙo

Shekara da shekaru Najeriya ce ke karɓa, Nijar ke bayarwa. Rikicin Boko Haram ya kifar da wannan tsari. Daga 2013, musamman bayan faɗuwar Damasak a Nuwamban 2014 da harin Baga a Janairun 2015, mutanen arewacin Borno da gabashin Yobe suka yi ta haye Komadugu zuwa jihar Difa. 'Yan gudun hijirar Najeriya a can sun haura 100,000. Kaɗan ne suka shiga sansanin Sayam Forage. Akasari sun sauka a gidajen dangi ko sun kafa bukkoki a gefen babbar hanyar kwalta. Jikokin waɗanda suka gudo daga aikin tilas na Faransa, ko daga farin 1973, su ne suka koma suna ƙwanƙwasa ƙofar da kakanninsu suka fito. Ba don zumuncin da iyaka ta kasa yankewa ba, da bala'in ya fi haka muni.

A Mayun 2015, bayan wani mummunan hari a tsibirin Karamga, hukumomin Nijar suka umarci a kwashe mazauna tsibiran tafkin. Dubban masunta 'yan Najeriya suka iso Gaidam a galabaice, inda hukumar NEMA ta karɓe su ta rarraba su zuwa jihohinsu na asali. Tafiyar da ta gangara tafki a shekarun 1980 ta juyo ke nan ta hauro kogi. Nguru da Gashuwa, da yake sun fi gabashin jihar samun sauƙin hare-hare, sun karɓi 'yan gudun hijira da 'yan kasuwar da suka rasa kasuwanninsu. Ko tsohuwar hanyar gabas ba ta tsira ba: yaƙin da ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilun 2023 ya sa aka kwaso ɗaliban Najeriya ta Masar, ya kuma kai har jihar Sinnar inda zuriyar Mai Wurno ke zaune.

Abin da tafiye-tafiyen suka bari

Mai son ganin sawun wannan kai-komo ya saurari harshen kasuwa. A da, Barbarci ne harshe na biyu ga Babade, shi ya sa Badanci ke cike da kalmomin aro daga gare shi, kamar yadda masanin harsuna Russell Schuh, wanda ya daɗe yana nazarin harsunan Yobe, ya tabbatar. Yau Hausa ce ta karɓi wannan matsayi a Gashuwa da Nguru, har yara da dama na tasowa da ita a matsayin harshen farko. Ba doka ce ta kawo haka ba. Dogo ne da kasuwa da auratayya. A gari guda za ka tarar da Bamange da Babade da Babarbare da Bahaushe da Bafulatani da Buzu da Bayarabe da Ibo, kowa da sana'ar da aka san shi da ita.

Sawu na biyu yana gona da makiyaya. Jama'ar Nijar ba su kai miliyan huɗu ba a 1960, yau sun haura miliyan 25. Na Najeriya sun tashi daga kimanin miliyan 45 zuwa sama da miliyan 220. Dausayin da ke tsakiya bai ƙaru ba, raguwa ma ya yi. Burtalin da Udawa ke bi da tumakinsu ya zama gona, mashayar da aka saba ta zama lambu. Yawancin rigimar manomi da makiyayi a wannan yanki daga nan take tasowa.

Sawu na uku shi ne tambayar da ba a son yi da ƙarfi: wane ne ɗan ƙasa? Sashe na 25 na Kundin Tsarin Mulki ya rataya zama ɗan ƙasa ta haihuwa a kan iyaye da kakanni, alhali a ƙauyukan kan iyaka takardar haihuwa ba ta wadata ba. An taɓa ganin inda wannan ke kaiwa. A Janairun 1980 aka tasa ƙeyar Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye na Majalisar Dokokin tsohuwar Jihar Borno, wadda Yobe ke cikinta a lokacin, zuwa Cadi bisa zargin ba ɗan Najeriya ba ne. Kotu ta wanke shi ta dawo masa da haƙƙinsa. Shi yana da jam'iyya da lauyoyi. Talakan da ke layin rajistar lambar NIN a Machina ko Yusufari ba shi da ko ɗaya.

Abin da ke gaban Abuja

Sau biyu cikin shekara biyar aka sake gwada rufe iyaka. An rufe a Agustan 2019, aka fara buɗewa a Disambar 2020 da mashigai huɗu, ciki har da Maigatari da Illela. An sake rufewa bayan juyin mulkin Yamai na 26 ga Yulin 2023, aka buɗe a Maris na 2024. Iyakar da ta kai kimanin kilomita 1,500, mafi yawanta fili ne fetal, ba a kulle ta da kwaɗo. Abin da rufewa ke yi shi ne ta kawar da matafiyi daga gaban jami'in shige da fice, ta miƙa shi ga ɗan acaɓan da ya san hanyar daji.

Yanzu lamarin ya wuce rufewar wucin gadi. Ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ECOWAS ta tabbata a ranar 29 ga Janairun 2025. Ƙungiyar ta roƙi mambobinta su ci gaba da karɓar takardun 'yan ƙasashen uku da barin su zirga-zirga har sai an ga abin da hali ya yi. Wannan alfarma ce, ana iya janye ta gobe. Yarjejeniyar 1979 da ta halatta zuwan ɗan ci-rani, da matsayar 1998 da ta tsara ƙetarawar makiyaya da takardar shaidar garke, duka an gina su ne a kan cewa Nijar mamba ce. Ga mai sayar da shanu da ke tasowa daga Gure zuwa kasuwar Nguru, da ɗan Najeriyar da ke zaune a Difa shekara goma, wannan batu ne na tuwon dare.

Akwai abubuwa huɗu da ke hannun ma'aikatan tarayya. Na farko, yarjejeniya tsakanin ƙasashen biyu kai tsaye. Hukumar Haɗin Gwiwar Najeriya da Nijar, wadda aka kafa a 1971 mai hedikwata a Yamai, ta girmi ECOWAS, kuma ficewar ba ta shafe ta ba. Ta nan za a iya tsara katin mazauna kan iyaka da ka'idar shigowar dabbobi, tare da sabuwar Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo da aka ƙirƙiro a 2024.

Na biyu, ƙidaya. Rabon Najeriya da ƙidayar jama'a tun 2006, lokacin da aka samu kimanin mutum 150,000 a Ƙaramar Hukumar Nguru da kimanin 140,000 a Bade. Bayan wannan an yi yaƙi, an yi gudun hijira, an yi ambaliyar 2012 da ta 2022. Da waɗancan tsofaffin alƙaluma ake lissafin ajujuwa da gadajen asibiti da allurar rigakafi. Manufar ƙaura ta ƙasa da aka amince da ita a 2015 ba za ta yi aiki a kan jama'ar da ba a san yawansu ba. Jami'ar Tarayya ta Gashuwa, wadda aka kafa a 2013, tana zaune a tsakiyar fagen; ba ta aikin bibiyar masu shiga da fita a kowace kaka zai fi araha a kan ɗauko ƙwararru daga waje.

Na uku, ruwa. Yadda ake sakin ruwa daga Tiga da Challawa, da yashe magudanan da kacalla ta toshe, su ne ke yanke hukuncin ko matashin Bade zai zauna ya yi noman rani ko zai nemi motar Agadas. An sanya Tafkin Nguru da mashigar Marma cikin jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar tun 2000, amma suna a takarda ba ya cika fadama. Jami'in da ke kula da madatsar ruwa yana tsara manufar ƙaura ko ya sani ko bai sani ba.

Na huɗu, takardu ga mutanen kan iyaka: rajistar haihuwa a ƙauye, da hanyar tantance asali da ta dogara da dagatai da masu unguwanni, domin kada tsaro ya zama dalilin mayar da ɗan ƙasa baƙo a garin kakansa. Hukumar Raya Al'ummomin Kan Iyaka da Hukumar Ƙidaya da Hukumar Shige da Fice duk suna da hannu a nan, in za su zauna teburi guda.

Kowace shekara idan sanyi ya shigo, tsuntsaye daga Turai kan sauka a Dagona, kusa da Gashuwa, su ci su sha su koma. Mutanen yankin sun san lokacin zuwansu, kamar yadda suka san lokacin zuwan Udawa da na 'yan ci-rani. Sun kuma ga alƙibla ta juya sau da dama, sun san wanda ya sauke ka bana, kai za ka iya sauke shi baɗi. Za ta sake juyawa, ko saboda fari, ko yaƙi, ko farashin sefa. Abin da ya rage a sani shi ne ko juyin zai tarar da yarjejeniya a ƙasa, da alƙaluma a hannu, da ruwa a fadama, ko kuwa zai tarar da wata sanarwar rufe iyaka da aka rubuta cikin dare.